Ranar da aka wanke tsabar Malam

Shekara arba'in da ɗaya mijina Malam yana tara tsofaffin tsabar kuɗi, ni kuma ina share ƙarƙashin kabad ɗin da yake ajiye su ban taɓa ko ɗaya ba. Ba tsabar biyayya ba ce. Kimiyya na koyar har na yi ritaya, na san abin da tsami ke yi wa ƙarfe. Tun da ya bar aikin gidan waya burinsa ɗaya ne: a sa tarin nan cikin gilashi a gidan tarihi, da sunansa a ƙasa. Sai da ya rubuta wasiƙa tara kafin suka ce za su turo mutum ranar Laraba da la'asar.

Kuskurenmu, ba mu gaya wa matar autanmu dokar kabad ba. Ma'aikaciyar jinya ce, wata biyu da zuwanta gidan, irin mutanen da ko sabulu suka gani sai sun ɗauraye shi. Ta ji baƙo zai zo ganin kuɗin Baba, ta leƙa ta gan su baƙi ƙirin, wasu kore shar, kunya ta kama ta a madadinmu. Ranar Larabar da safe muna asibitin ido ni da Malam, ta zaro durowar sama, ta nemo toka da lemun tsami da soson ƙarfe, ta zauna.

Muka dawo muka tarar da su jere kan tawul a teburin falo, suna ƙyalli kamar sababbin cokula. Tana ta murmushi, ta ba da haƙuri wai lemo ne ya ƙare mata, shi ya sa sauran durowa biyu ke nan da dauɗarsu.

Malam ya laluba kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon tawul, sannan ya ce Allah ya yi mata albarka, da muryar mai karɓar gaisuwar rasuwa.

A wurin masu wannan harka, baƙin nan shi ne shaidar shekaru. Ka kankare shi, ka kankare darajar. Ni dai na daɗe ina ganin akwai son zuciya a maganar, don wata dauɗar dauɗa ce kawai, komai tsufanta. Amma zanen soson ƙarfe ba ra'ayi ba ne, ga shi nan a fuskar kowacce. Kuma a tsakiyarsu ga Babba, ƙatuwar tsabar da Malam ke rantsuwa azurfa ce ta shekara ɗari uku.

Mutumin gidan tarihi ya iso kan lokaci, siriri, da farar safar hannu da ɗan gilashin dubawa. Ya ɗauki guda, ya runtse ido kamar mai ciwon haƙori. Cikin ladabi ya ce waɗannan kam ba za su shiga gilashi ba, ya tambayi wanda ya yi aikin. Surukata na tsaye da tiren shayi. Na ce mu ne, gidan nan ba ma son ƙazanta.

Ya kai hannu ga Babba. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya matsa kusa da taga. Inda soso ya ci sosai farin ya tafi, wani toka-toka ya bayyana, ga kuma siririn layi zagaye da gefenta. Na ce ya ara mini. Na sake ta a kan siminti. Azurfa ƙara take yi kamar ƙararrawa. Wannan ɗif ta ce, ta kwanta.

"Dalma ce, Malam," na ce. "Tun shekarar da na haifi babban ɗanmu na gaya maka, ka ce malaman kimiyya ba su san tarihi ba."

Malam ya fara naɗe tawul da kuɗin a ciki, yana ba baƙon haƙurin ɓata masa lokaci.

Baƙon ya ce ya dakata. Jabu ce, gaskiya, amma tsohuwar jabu, wadda wani maƙeri ya zuba a zamanin da ake kashe ta gasken, ya shafe ta da azurfa ya cuci 'yan kasuwa. Ta gaske suna da goma a ajiye, ba su da ta ƙarya ko ɗaya. Da ya same ta da baƙinta, da ya ɗauka ta goma sha ɗaya ce ya wuce. Yana son ta, yana kuma son durowa biyun da suka tsira.

Surukata ta ajiye tire, ta sauke numfashi.

Malam ya gyara zama. "Wato sunana ƙarƙashin jabu za a rubuta?"

"In ka amince, Baba. Ita za mu sa a gaba."

Ya shafa gemu, ya kalli silin. Ya ce shi ma, a gaskiya, ya jima yana zarginta, bai dai so ya yi gaggawa ba ne. Na buɗe baki, ya yi sauri ya miƙo mini kofin shayi. Sannan ya juya wurin baƙon ya fara jero masa sunansa harafi bayan harafi, ya sa shi ya karanta masa sau biyu.