Ɓerayen da Mansura Ta Kai Barka

Kai ma ka gani. An rambaɗa wa jariri kwalli a gabanka, ka ce tubarkalla, ka juya wajen tuwo. Ba ka taɓa tambayar abin da ke cikin tandun ba.

Mansura ta tambaya. Ɗaliba ce a Gusau mai nazarin ƙwaƙwalwa, ta auna kwallin kakarta, ta tarar da dalma a ciki. Saboda haka ana gobe sunan ɗan yayarta Wasila, ta sauka Furfuri da kejin ɓeraye biyu da wani faffaɗan akwati mai lunguna.

"Ɓeraye kika kawo muna barka?" in ji kakar tasu, Inna Adama, da tandu a hannu. "Mun tura ki boko, kin dawo da ɓarayin rumbu!"

"Uwarsu ɗaya, Inna. Wannan ruwa zalla ya sha yana jinjiri. Wancan na jiƙa masa kwallinki a nasa ruwan. Tare na koya musu hanyar akwatin nan."

Ta ajiye ƙuli-ƙuli a ƙarshen akwatin, mata suka kewaye. Na farko ya bi lungu-lungu ya cafke rabonsa, aka ɗauki shewa. Na biyu ya faɗa lungun da ba ya ɓullewa, ya fito, ya shinshina, ya sake komawa.

"Hagu, kai, hagu!" Inna ta durƙusa tana dukan katako. Ashe shi ta zaɓa, don ya fi ƙiba.

"Ba ya riƙewa, Inna. Dalma ta taɓa ƙwaƙwalwarsa tun tana ɗanya. Jariri ma zai murza ido, ya kai hannu baki."

"Mu da aka sa ma, mun lalace?"

"Wa ya sani? Wataƙila da yanzu ke ce gwamna."

Inna ta yi dariya har da tari. Ta dubi jaririn a cinyar Wasila, ta dubi ɓeran yana ta kewaya. Sai ta gutsuri ƙuli-ƙuli ta miƙa wa ɓeran har baki.

"Ci, bawan Allah, ba laifinka ba ne." Ta ƙulle tandun a bakin zane. "Jaririn kuma, a bar mai idonai haka nan. Ba ni son mijin da zai ɓace hanyar ɗakina."

Washegari aka raɗa wa yaro suna Yazid, idonsa fes.

Akwai jariri a gidanku ko a maƙwabta. Tashi ka je ka hana a sa masa kwallin nan, yau.