Kunu Ba Sukari

A shekarar da kwanon gero ya gagari talaka ne ciwon daji ya fito wa Mika'ilu a wuya. Matarsa Kulu ba ta je asibitin Kano ba. Wansa Mati ne ya kai shi, don shi ne babba a gandu, shi ke ɗebo hatsi a rumbu.

Da suka dawo, Mati ya tara gida yana bayani, ka ce shi ya duba majinyacin. Wai likita ta ce ƙarin nan mayunwaci ne. Sukarin da ke cikin jini shi yake riga kowa wawashewa, ya bar sojojin jiki da yunwa, sannan ya zuba musu wani tsami da ke kashe musu jiki. Ta ce a koma bayan Sallah a fara magani, in jikin zai ɗauka.

"Ƙuduji ke nan," in ji Mati. "Mai hankali zai zuba taki a gonar da ƙuduji ya cinye? Kana zubawa yana ƙiba. Daga yau kunu rabin kofi, ba sukari. Ba fura, ba tuwo. Da yunwa za mu kashe shi."

Kowa ya gyaɗa kai. Maganar ta shiga kunnen manoma, ta kuma yi wa rumbu daɗi, sai dai wannan ba wanda ya faɗa.

Kulu ta bi umarnin don tana son mijinta, kuma abin da ya fi ƙona rai ke nan. 'Yan dubiya su zo da fura da nono, ta karɓa ta yi godiya, ta miƙa wa 'ya'yan Mati ta kan danga. Mika'ilu, mutumin da a da sai an ƙaro masa tuwo, ya koma bin ƙwarya da ido.

"Kulu, ko loma ɗaya."

"Yi haƙuri, Malam. Ba kai nake hanawa ba, shi nake hanawa."

Wata rana da hantsi ta dawo daga rijiya ta tarar ya rarrafo gindin murhu yana kankarar ƙanzo. Ta ɓamɓare yatsunsa daga tukunyar, ta mai da shi ɗaki, ta zaga bayan rumbu ta yi kukanta.

Bayan Sallah ta kafe sai an tafi da ita asibitin. Ƙarin ya ninka, mai shi kuwa sai da aka riƙe shi ya hau ma'auni. Likitar ta dubi ma'aunin, ta dubi Mati.

"Baba, ni na ce ya daina cin abinci?"

"Kin ce ciwon ne ke cinyewa."

"Shi ciwon, in bai samu a tuwo ba, a naman jikinsa zai ɗiba. Sojojin ne ba su da wannan dabarar, su kuka bari da yunwa. Wannan jikin ba zai ɗauki magani ba." Ta ajiye biro. "Wa ke kula da abincinsa?"

Mati ya gyara zaman hularsa, ya nuna Kulu da baki. "Ga matarsa nan."

Kulu ta juya wajen mijinta, tana jira ya faɗi wanda ya kafa dokar. Mika'ilu ya daɗe yana tattaro numfashi.

"Ai na roƙe ta, likita," ya ce.