Agogon Da Bai Yi Kama Da Kansa Ba

Ƙasarmu ba ta da teku, amma a Ciudad del Este kowa na ɗaure da agogon masu nutso. Baƙar fuska, zobe mai juyawa a gefe, an rubuta a jiki wai zai jure zurfin mita ɗari uku. Ɗan acaɓa na da shi. Mai canjin kuɗi na bakin gadar shiga Brazil na da biyu. Faston unguwarmu ma na da shi, mutumin da ko wurin baftisma ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba. Duk jabu ne. A kwali ake sauke su, kamar taliya.

Ni ce mai gyara musu. Sunana Zunilda. Ina da tebur ɗaya a bakin ginin shagunan Don Heriberto Insfrán, gefen matakala, inda duk mai shiga sai ya goge ni da jakarsa. Daga aji shida na bar makaranta. Aikin nan a waya na koye shi, da matattun agogunan da masu shaguna ke zubarwa. Teburin nan shi ne cina, shi ne shana, kuma babu wata takarda tsakanina da mai ginin. Ran da ya ce tashi, na tashi ke nan. Mutum goma na jiran wurin.

Don Heriberto so yake a ce masa Dokta. Ban san abin da ya karanta ba, ban kuma taɓa jin wanda ya warkar ba. Ofishinsa na hawa na uku, mai sanyi, kuma ba ya saukowa wurinmu sai in wani abu ya ɓaci.

Ranar Litinin da hantsi ya sauko.

"Ke, 'yar agogo."

"Ina kwana, Dokta."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Duba wannan ki faɗa min abin da kika gani."

Ya ajiye hankici a kan teburina, ya warware. Agogon masu nutso ne, amma tsoho tukuf. Fuskar da ya kamata ta zama baƙa ta koɗe ta koma ruwan kofi da madara. Ɗige-ɗigen lambobin sun yi ɗorawa kamar haƙoran mai shan taba. Zoben ya zama ruwan toka. Ko'ina ƙarce-ƙarce, ga wata lotsa a gefe.

Na sa gilashina a ido, na kwance marfin baya.

Na buɗe irin agogon nan ya fi sau dubu. Masu araha, roba ce a ciki da ɗan injin batir zaune a tsakiya. Masu tsada, an yi wa injinsu kwalliya daidai inda ido zai gani, sauran kuwa kamar bayan tukunya. Wannan, har ƙarƙashin ƙarfen da babu mai gani an goge shi, an gyara bakinsa. Wani mutum ya zauna ya ɓata lokacinsa a wurin da ya san ba za a yaba masa ba. Ban taɓa riƙe irinsa ba. Na ajiye sukudireba na goge hannuna a riga kafin in sake taɓa shi.

"Na asali ne," na ce.

"Na san na asali ne. Ubana ya saye shi hannun wani injiniya lokacin da ake gina madatsar ruwa, kafin a haifi uwarki. Ban tambaye ki ko na asali ba ne. Me ya sa bai yi kama da na asali ba?"

"Da wanne kake auna shi?"

"Da na kowa."

Sai ya ba ni labari, yana magana yana kallon sama da kaina. Jiya Lahadi suna gashin nama a kulob, mijin ƙanwarsa Osvaldo ya kama hannunsa, ya jera da nasa, ya ce, "Heriberto, a gininka aka haɗa maka wannan? Ko launin ba su dace ba." Kowa ya yi dariya. Har mai raba abinci ya juya baya yana dariya, shi ma da nasa a hannu, baƙi wuluk, yana walƙiya.

"Na Don Osvaldo ni na sa masa batir watan jiya," na ce. "Na asalin ba ya amfani da batir."

"Osvaldo na da gonar waken suya da sai an yi awa guda a mota kafin a fita daga cikinta."

"To a cikin motar ya zo min da shi."

"Ki iya bakinki."

Daidai nan Ña Eulogia mai chipa ta sauke kwandonta a gefen teburina, kamar kullum. Shekara ashirin tana sayar da chipa, ɗan burodinmu na rogo da cuku, a bakin ginin nan, ba ta jin tsoron kowa sai likitan haƙori. Ta leƙa hankicin.

"Ayya, Dokta, wa ya cuce ka? Mijin 'yata nasa ya fi wannan, kuma shi gyaran taya yake yi. Ka mayar musu, ɗana. Babban mutum kamarka."

Wuyan Don Heriberto ya yi ja har kunne. Bai kalle ta ba.

"Kin ji ko? Ki canza fuskar, ki canza zoben da hannayen, ki goge jikin ya yi ƙyalli. Asabar akwai liyafar ƙungiyar 'yan kasuwa, kuma Osvaldo zai zauna kusa da ni."

"Dokta, wannan launin da kake ƙi, shekara hamsin na rana ne ya yi shi. Masu jabu sun yi ta ƙoƙari, har a tanda suke gasa fuskar, ba ta fita haka. A ƙasashen waje, waɗanda suka san abin, wannan koɗewar suke bi. In na cire ta na goge jikin, agogon ya tashi daga aiki. Zai yi ta tafiya, amma ya mutu."

"A waje. Ni a waje nake cin abinci? In riƙa bin mutane tebur tebur ina musu bayanin rana?"

"Kuma ba ni da kayan kamfanin da ya ƙera shi. Abin da ke cikin durowata duk daga kwali ya fito."

"Wa ya tambaye ki daga ina ya fito? Baƙi ne?"

"Baƙi ne."

"Yana walƙiya?"

"Kamar takalmin ɗan sanda."

"To."

"Ba zan yi ba, Dokta."

Sai a lokacin ya dube ni sosai. Ya dubi teburin, ya dubi matakala, ya auna faɗin wurin da ido.

"Akwai wani mai turare, sau uku yana hawa ofishina kan wurin nan. Mutum mai tsabta, ba ya musu. Ni ne nake ce masa a'a, akwai wata marainiya a wurin, bari ta ci abinci."

"Uwata na da rai."

"To ki je ki zauna da ita. Ko ki gama min aikina ran Juma'a. Zaɓi naki ne, ni ba na tilasta wa kowa."

Ya hau sama. Ña Eulogia ta miƙo min chipa ɗaya mai zafi.

"Ke ma da taurin kai, Zuni. Yana so a mayar da tsohon abu sabo, mene ne laifi? Ni da za a yi min haka, da gudu zan je."

Ranar Talata ban taɓa shi ba. Na ajiye shi a gabana ina sa wa mutane batir, in babu kowa sai in kara shi a kunne. Da rana mai turaren ya zo da kansa, ɗan siriri da farar riga, ya tsaya gefen teburina yana shan tereré, shayin ganyenmu mai sanyi, yana ƙirga masu shiga. Ya gaishe ni da ladabi. Ya tambaye ni ko ruwan sama na shigowa ta nan.

Ranar Laraba na fara.

Ba zan ce na yi aikin banza ba, don ban iya irinsa ba. Na zaɓo fuska mafi kyau a cikin jabun da nake da su. Ƙafafunta ba su zauna a ramin injin ba, sai da na yanke su na manna ta da gam. Gam, a kan wannan injin. Na ɓamɓare zoben toka na ɗora baƙi. Sannan na kai jikin kan injin gogewa. Ƙarce-ƙarcen suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Lotsar ce ta daɗe. Ban san abin da uban Don Heriberto ya buga ba, ƙofar mota ko fuskar wani, amma ya buga da ƙarfi. Sai da na ci ƙarfen sosai kafin ta ɓace, gefen ya zama zagaye, sumul, kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi.

Da na gama na jera shi da guda huɗu na cikin durowata. Na je na wanke hannu na dawo. Sai da na ɗaga su ɗaya ɗaya na ji nauyi kafin in gane wanne ne.

Tsohuwar fuskar da zoben da hannayen na naɗe su a takarda mai laushi, na tura can ƙarshen durowa. Ba zan yi ƙarya ba, riƙewa na yi niyya. Ba don sayarwa ba. Ban ma san don me ba.

Juma'a da azahar ya sauko. Ya ɗaura, ya miƙe hannu, ya juya shi a hasken ƙofa.

"Kin ga? Da kin tsaya surutu."

"Yanzu ka zo, Dokta," in ji Ña Eulogia. "Wannan kam ko makaho ya san na masu kuɗi ne. Sak na mijin 'yata."

Ya yi kamar bai ji rabin ƙarshen ba.

"Ina tsofaffin kayan?"

"Na zubar."

"A ina?"

"A shara."

Ya zagayo bayan teburin, ya ture gwiwata da tasa, ya jawo durowar har ƙarshe. Bai sha wahalar nema ba, ita kaɗai ce abin da aka naɗe da kulawa a ciki. Ya warware takardar.

"Wato shara. Ki ɗora a kan jabunki ki sayar wa 'yan Brazil da sunan ubana. Na san irinku. A ba ku wurin zama, ku fara auna aljihun mutum."

"Ai ka ce ba ka so."

"Ba na so. Ke ma ba za ki samu ba."

Ya ɗauki filayata daga kan tebur. Fuskar agogo siririya ce, ba ta da wani ƙarfi. Ya kama ta ya lanƙwasa biyu, fentin ya tsattsage ya zubo a kan teburin kamar garin kofi. Ya karya zoben. Ya watsa su duka cikin bokitin da muke zubar da tsohon ganyen tereré, ya ajiye filayar daidai inda ya ɗauke ta, ya goge yatsunsa da hankici.

Ña Eulogia ta ɗauki kwandonta ta ce bari ta leƙa bakin gada.

"Teburin fa, Dokta?" na ce.

Ya duba agogonsa kafin ya amsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ki zauna. Amma ki ja shi baya taku ɗaya, kina tare wa mutane hanya."

Na jira ya hau matakala. Na share garin fentin da gefen hannuna, na kama teburin ta ɓangare biyu, na ja shi baya taku ɗaya.