Goma Sha Takwas

Saura ƙiris ban rubuta wannan labarin ba. Karatuna bai yi nisa ba, aikina jera lemu a kwali, kuma labarin ba nawa ba ne, na Yaya Yesenia ne, 'yar wan babana da muke zaune gida ɗaya a garin Fresno na Amurka. Ita ce ta ce in rubuta, da sharaɗin kada in gyara mata komai. Ban gyara ba.

Yesenia Robledo ta yi shekara tara a ɗakin gwaji na wani kamfanin tumatirin gwangwani. Aikinta ta ɗebi markaɗen tumatir, ta auna tsaminsa, ta rubuta abin da ma'auni ya nuna. Da ta kai talatin da uku sai ta ce ta gaji da gadin tumatir, mutane take so ta yi wa aiki. Akwai wata jami'a da ke ɗaukar masu digiri a wani fanni daban, ta mai da su ma'aikatan jinya cikin wata ashirin da ɗaya, su fito da digiri na biyu. Ta nema aka ƙi ta, wai darasin sassan jikin ɗan Adam da ta yi ya wuce shekara bakwai, ya tsufa.

"Ƙasusuwan mutum ne suka ƙaru ban sani ba?" in ji ta. Amma ta koma ƙaramar kwaleji ta sake darasin da yamma bayan ta tashi aiki. A nema na biyu aka kira ta ganawa, aka ɗauke ta, ta ajiye aikinta.

Su arba'in ne a ajin, kuma tare ake tafiya. Duk wanda ya faɗi zango ɗaya na koyon aiki a asibiti, sauka zai yi ya jira 'yan baya shekara guda cur, in ma an yarda ya dawo. Yesenia ba ta da shekarar da za ta zauna, ga shi ta bar aiki.

Jarrabawar takarda ba ta taɓa ba ta wahala ba. Asibiti ne ya zame mata aiki. An kai ta hawa na huɗu, ɓangaren waɗanda aka yi wa tiyata, aka ba ta majinyata huɗu. Kowace safiya za ta yi musu awo biyar: zafin jiki, hawan jini, bugun zuciya, iskar da ke cikin jini, da numfashi. Huɗun farko na'ura ke yi. Numfashi kuwa da ido ake ƙirgawa, kuma ba a gaya wa majinyaci, don da zarar mutum ya san ana kallon numfashinsa sai ya canza. Sai a riƙe masa wuyan hannu kamar ana jin bugun jini, ido na kan ƙirjinsa. Yesenia minti guda cikakke take ƙirgawa. In mutum ya yi magana a tsakiya, ta koma farko.

Malama Odom, malamar da ke bin su asibitin, doguwa ce mai furfura, ta yi shekara talatin a aikin. Ranar Litinin ɗin makon ƙarshe ta ja Yesenia gefe.

"Hannunki na da kyau, amma kina da nawa. Kowa ya gama awo kafin takwas da rabi, ke sai tara ta gota. Magani na jira, likita na jira. Ranar Juma'a zan rufe takardarki. In ban ga canji ba, ba zan sa hannu ba."

"To, Malama."

Nas ɗin da aka haɗa ta da ita kuwa, Darlene, gajeriya mai ƙatuwar murya, ba ta da abin tsokana sai ita.

"A ba da hanya, ga masu digiri na biyu nan!" take cewa in ta hango ɗaliban. "Farfesa, yau yaushe za mu ga awon ɗaki na shida? Kafin abincin rana ko sai an sallame shi?"

Ranar Laraba ta tarar da Yesenia tsaye a bakin gado, ido a agogo. Ta jira ta fito, ta ja ta gaban kwamfuta.

"Zo nan 'yar nan, kin ba ni tausayi. Duba wannan layin." Ta sa yatsa ta bi layin numfashin wani majinyaci na kwana uku. Sha takwas, sha takwas, sha shida, sha takwas. "Kin gani? A hawan nan kowa goma sha takwas yake numfashi. Ki dubi mutum, in yana hira yana mitar kofi ya huce, lafiyarsa ƙalau. Mai wahala ba ya ɓuya."

"Amma ai ba a ƙirga ba."

"Ke fa ba tumatir kike aunawa ba yanzu. Mutum huɗu gare ki, ni shida. Ki zauna nan da ƙirge, Juma'a ta zo ta same ki."

Ranar Alhamis Yesenia ta shiga aiki da niyyar sauri. Ta yi ɗaki na uku da na huɗu da na biyar, duk ta ƙirga, amma da ta dubi agogo takwas da minti biyar ta yi. Saura ɗaki na shida, na Mista Torosian, tsohon manomin inabi da ya faɗo daga tsani ya karya ƙugu. Kwanansa uku da tiyata. Kullum sai ya tsokane ta kan riƙon hannu, wai tun rasuwar matarsa ba wadda ta riƙe shi haka, ta bi shi a hankali.

Ta ɗaura masa na'ura, ta karanta lambobi. Zafi ya ɗan hau kaɗan, iskar jini ta ɗan sauka, amma ba wanda ya wuce iyaka. Tsohon ido biyu, yana murmushi. Ta kai wurin numfashi, yatsunta suka tsaya a kan kwamfuta. Sai ta buga ɗaya da takwas.

"Yau babu riƙon hannun?" in ji shi. "Me na yi miki, 'yata? Ko kin samu wani tsohon ne?"

"Sauri nake yau, Baba. Zan dawo."

Takwas da minti ashirin ta gama komai. Darlene ta tafa mata sau biyu. "Farfesa ta waye!" Malama Odom ta wuce, ta dubi agogo, ta gyaɗa kai, ta yi 'yar alama a takardarta.

Yesenia ta shiga ɗakin magunguna tana jera na ƙarfe tara. Tana cikin jerawa maganar tsohon ta dawo mata. Ba abin da ya faɗa ba, yadda ya faɗe shi. Jiya a numfashi ɗaya yake zuba zance har sai an roƙe shi ya tsaya. Yau kuwa sai da ya yanka maganar gida uku, yana hutawa a tsakani. Ta ajiye kofin maganin, ta kulle aljihun teburin magunguna, ta koma ɗaki na shida.

"Yauwa, kin tuba," in ji shi, ya miƙo hannu.

Ta riƙe wuyan hannunsa, ta sa ido a kan bargon da ke ƙirjinsa. Minti ɗaya: ashirin da takwas. Ta sake: talatin. Gajeru ne, sama-sama, shi ya sa daga bakin ƙofa ba a gani.

Ta sami Darlene a hanya. "Ɗaki na shida, numfashinsa talatin."

Darlene ta buɗe baki za ta yi wasa, ta dubi fuskarta, ta fasa. Ta shiga, ta ɗaga kan gadon, ta sa abin sauraro a bayansa, ta sa masa robar iska a hanci, duk cikin minti biyu, tana yi tana cewa, "Kai Baba, ka cika son a taru a kanka." Sannan ta kira likita.

Dakta Sandhu, likitan da ke zagayen safe, ya zo da Malama Odom a bayansa. Ya saurari ƙirjin tsohon, ya fito bakin ƙofa ya buɗe kwamfuta.

"Takwas da minti goma yana sha takwas, tara saura yana talatin," in ji shi. "In cikin minti arba'in ya yi wannan tsallen, to gudan jini nake tsoro a huhu. In da a hankali ya hau tun jiya, da sai in ce ciwon huhu ne ke kama shi. Wa ya yi awon takwas?"

"Ni ce," in ji Yesenia.

"Lafiya kika gan shi a lokacin?"

In ta ce i, shi ke nan. Ita ce ɗalibar da ta gama da wuri, ita ce kuma ta gano matsala. Ba wanda zai taɓa sani. Amma likitan a kan lambarta yake gina tunaninsa, lambar da ba ta fito daga ƙirjin kowa ba. 

"Likita, sha takwas ɗin nan ba gaskiya ba ce. Ban ƙirga ba. Kuma tun a lokacin yana yanka magana."

Likitan ya dube ta, ya sake duba layin, ya bi shi baya har jiya da shekaranjiya, ta kan awon da sauran ma'aikata suka rubuta. Sha takwas, sha takwas, sha takwas. 

"To ba mu san yaushe ya fara ba ke nan," in ji shi. "A yi hoton ƙirji da gwajin jini yanzu."

Kafin sha biyu sakamako ya fito. Ciwon huhu ne, bai yi nisa ba. Aka fara masa magani ta jijiya.

Bayan an tashi, Malama Odom ta kira ta wani ɗan ɗaki da ɗalibai ke ajiye jakunkuna, ta rufe ƙofa.

"Kin san sunan abin da kika yi?"

"Na sani, Malama. Na rubuta abin da ban auna ba."

"Ana korar mutum daga makaranta a kansa. Ana ƙwace wa nas lasisi a kansa. Wa ya ce ki yi?"

"Ba wanda ya riƙe min hannu na buga."

Malama ta juya biro a hannunta. Can ta ce, "Duka biyun zan rubuta. Kin sa lambar ƙarya, kin kuma koma da ƙafarki kin tona kanki a gaban likita. Takardar gargaɗi za ta zauna a fayil ɗinki har ki gama. In aka sake, ba sai kin zo wurina ba, ki wuce gida."

"Zangon fa, Malama?"

"Zan sa hannu. Sauri ana koyar da shi." Ta jawo na'urar awon jini daga kusurwa. "Ni na ce kina da nawa, ban tsaya na ga inda nawar take ba. Nuna min yadda kike yi."

Yesenia ta ɗaura mata a damtse, ta danna, ta tsaya tana kallon na'urar har ta gama.

"Kin ga? Me kike jira? Ba tukunya ba ce da za ta ƙone. Tana hura kanta, ke idonki ya koma ƙirji. Kafin ta saki kin gama ƙirge. Kin yi ta yin abu ɗaya bayan ɗaya, kamar a ɗakin gwajinku."

A wurin ajiye motoci ta ci karo da Darlene tana neman makulli a jaka.

"Ba ki ambaci sunana ba," in ji Darlene.

"Ba ke kika rubuta ba."

"Hm," in ji Darlene. Ta sami makullin, ta buɗe mota. "Gobe ki zo da takalmin kirki, Farfesa. Mutum biyar zan ba ki."

Washegari ƙarfe biyar da rabi ina zaune a kicin ina cin tortiya, wainar masararmu, da wake kafin motar kamfani ta zo, sai ga Yaya Yesenia cikin shuɗin kayan aikinta, riƙe da na'urar awon jinin Baffa, mahaifinta. Ta ce in miƙo hannu. Ta ɗaura min, ta danna, ta riƙe wuyan ɗayan hannun nawa. Ina ta kallon lambobi suna hawa. Na'urar na saki ta dubi agogonta.

"Sha huɗu," in ji ta.

"Sha huɗun me? Ai ba haka ta nuna ba."

"Ci abincinki, kada motar ta bar ki."

Ta rubuta lambar a bayan hannunta da biro, ta ɗauki jakarta, ta fita.