Yatsu Biyu na Darno

Wagimin aski yake yi a Jakarta, kuma mai aski da yatsunsa yake ci. Bara da suka tashi tafiya gida hutun Ƙaramar Sallah a kan keke, kwana huɗu zuwa garinsu Kebumen, mijin ƙanwarsa Darno, wanda yake gyaran keke, ya ce kan keken Wagimin ya yi tsayi kamar na tsohuwa mai tallan ganye. Ya sauke masa shi, ya ɓare soson da ke naɗe a mariƙi, wai don su yi kama da 'yan tsere. Kafin su isa, ƙaramin yatsan Wagimin da na kusa da shi sun mutu murus, sun lanƙwashe. Likita ya ce jijiyar gindin tafin hannu ce ta danne. Wata huɗu almakashi na suɓuce masa, masu zuwa aski suka watse, Darno kuwa sai kiransa yake "Yaya mai ƙafar kaza" a gaban jama'a. Ko sannu bai taɓa yi masa ba.

Haushin nan bai huce ba. Bana da za su sake tafiyar, Wagimin ya ɗaga kan kekensa, ya sa safar hannu mai taushi, yana sauya riƙo a kai a kai, wuyan hannunsa a miƙe, yadda likita ya koya masa. Darno ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kifa nauyinsa a kan ƙarfe tsirara, ya wuce gaba.

Rana ta biyu, bayan sun wuce garin Cirebon, Wagimin ya hango shi yana yarfa hannun dama, yana cizon ƙaramin yatsa. Ya san abin sarai, ya kuma san ɗaga kan keke aikin minti biyar ne ga irin Darno. Da suka tsaya buɗa baki, Darno ya tambaye shi a kaikaice ko nasa ma da tafiyar tururuwa a yatsu ya fara. Wagimin ya gama tauna soyayyen wakensa a tsanake, sannan ya ce gajiya ce kawai, ya ƙara matse riƙo jini ya gudana. Daɗi ya ji har cikin ransa, kuma saura kwana biyu a hanya.

Ranar Sallah bayan idi aka jeru neman gafara, ƙarami ya durƙusa gaban babba. Darno ya miƙo hannu, yatsu biyu a ƙudundune.

"Yaya, ka yafe mini, na fili da na ɓoye. Har da na bara. Yanzu na san abin da ka ji."

Wagimin ya ce ya yafe, ya danna farce a ƙaramin yatsan don ya tabbatar. Darno ko motsi bai yi ba.

Da rana Wagimin yana cin shinkafa da miyar kaza, ƙanwarsa Tumini, matar Darno, ta tsaya a kansa. Ta ce mijinta ko sifana ya kasa riƙewa, ga yara uku.

"Yaya, kai ka taɓa ciwon nan. Ba ka ga alama a hanya ba?"

Ya ce bai ga komai ba.

"Ya ce mini ya tambaye ka."

Ta ɗauke kwanon daga gabansa, ta koma kusa da mijinta, ta zauna tana ba shi a baki.