Na Ji, 'Yata

Wyson Chavula ya sauka a Amurka cikin tsakiyar hunturu, da ƙaramar jaka ɗaya da kwat ɗin aro. Tsohon hedimasta ne daga wani ƙauye kusa da Rumphi, a arewacin Malawi. Ya zo ɗaukar gawar ɗansa Fumbani, wanda babbar mota ta buge a hanyarsa ta zuwa aiki a wata masana'antar nama a jihar Iowa. A gida dangi sun riga sun nuna inda za a haƙa kabari, gefen na kakan yaron, uwarsa kuma tana zaune a ƙasa cikin mata tana jiran a kawo mata shi.

Matar Fumbani ce ta tarye shi a filin jirgin Des Moines. Kendra sunanta, ma'aikaciyar asibitin haƙori, bai taɓa ganinta ba sai a waya. Tana hango shi ta taho da sassarfa ta rungume shi, ta kifa kai a kafaɗarsa.

"Wyson, ka iso. Na gode da ka zo, Wyson."

Ya tsaya ƙiƙam, hannayensa a sake. A wurinsu suruka ba ta haɗa ido da uban mijinta, ba ta zama inda ya zauna, balle ta kama sunansa gatsau. Ya bar abin a kan zafin mutuwa.

Ta sa shi a kujerar gaban mota, kusa da ita. A hanya ta ratse gefen wani gidan abinci, ta yi magana da wani ƙarfe mai lasifika, ta matsa gaba, wata yarinya ta leƙo ta taga da murmushi har kunne.

"Ya kuke yau?"

Wyson ya gyara zama. Mutum na farko ke nan da ya tambaye shi tun da ya taso. Turancinsa na littafi ne, mai tsari, ya fara a hankali: "Muna cikin baƙin ciki, yarinya. Ɗana ne ya..."

"Madalla, a wuni lafiya!" Ta miƙo leda ta ja tagarta.

Cikin ledar akwai burodi da nama, da kofin ruwa cike da ƙanƙara, ga ƙanƙara shimfiɗe a gonaki iya ganin ido. Ya riƙe kofin har suka isa, bai sha ba.

Tun daga bakin layi yake neman alamar gidan mutuwa: hayaƙin wutar da maza ke kewayewa, muryar mata suna waƙoƙin coci, takalma zube a ƙofa. Gidan ya yi tsit kamar na kusa da shi. Ƙofar gareji ta ɗaga da kanta, ta haɗiye su, ta sauka. A ciki akwai jikarsa Tawonga mai shekara huɗu tana kallon talabijin, da wata yarinya da aka ɗauka ta kula da ita, da kare kwance a kan kujera.

Maƙwabta suna zuwa, amma ba sa shigowa. Sai a danna ƙararrawa, kafin a buɗe an tafi, an bar tiren taliya da cuku a dokin ƙofa. Sau ɗaya ya yi sauri ya buɗe, ya tarar da bayan wata mata tana komawa motarta. Ta juyo ta ɗaga masa hannu, ta dafa ƙirji, ta shige.

"Suna ba mu sarari ne," in ji Kendra.

Wyson ya dubi falon da babu kowa. Sarari kam akwai shi.

Washegari ta kai shi ya ga gawar. Wurin ya fi kama da otal, da darduma mai laushi da kiɗa ƙasa-ƙasa. Fumbani yana kwance cikin akwati mai sheƙi, an shafa masa hoda, an gyara masa baki kamar zai yi murmushi. Kawun Kendra, wani ƙaton manomi mai suna Dale, ya dafa kafaɗar Wyson.

"Sun yi aiki mai kyau, ko? Wallahi ya fi kyau da ranar aurensa."

Wyson ya ɗora hannu a goshin ɗansa, ya yi addu'a da harshensu na Tumbuka. Ba wanda ya yi kuka da ƙarfi, shi ma sai ya haɗiye nasa.

Da suka koma mota Kendra ba ta tayar ba. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Akwai maganar da nake so mu yi. Na ce musu kada su taɓa komai sai ka zo." Ta ja numfashi. "So nake a ƙona shi, in ajiye tokar a gida. Mun taɓa yin zancen da shi, ya ce duk yadda na yi daidai ne. Ba na so Tawonga ta tashi babanta yana wata duniya da ba za ta iya zuwa ba. Amma idan ba ka yarda ba ka faɗa min. Don Allah ka faɗa min gaskiya."

Ya fahimci kowace kalma. Ya san ana yin haka a wasu ƙasashe, ya taɓa karantawa. Amma bai ɗauki zancen a matsayin shawarar da aka yanke ba. Matar da mijinta bai shiga ƙasa ba tana iya faɗin komai, kuma ba a jayayya da ita. Babbar magana irin wannan ba a mota ake yin ta ba, ba kuma tsakanin mutum da surukarsa baki da baki ba. Sai an zauna, an sami ɗan tsakani, kowa ya faɗa masa nasa shi kuma ya isar. Kafin nan, abin da dattijo ke cewa ɗaya ne, ma'anarsa kuma maganarki ta shiga kunnena, za a zauna a kanta.

Ya kawar da kai wajen taga. "Na ji, 'yata."

"Ka tabbata?"

"Na ji. Ba komai."

Ta fashe da kuka, ta matse hannunsa. "Na gode, Baba," ta ce. Ya ji daɗin wannan kalma, ya ɗauka ta fara koyo.

Da yamma ya kira Penjani Mhango, ɗan wani abokinsa na makaranta, wanda ke aiki a gidan kula da tsofaffi a South Bend, can wata jiha. Shi ne ya haɗa kan 'yan Malawi na can suka tanadi abin da zai kai gawar gida.

"Ina son ka zo ka tsaya mini a wata magana," in ji Wyson.

"Adada," in ji Penjani, wato baba da Tumbuka, "sai dai Asabar. A nan ba a ba mutum hutu don ɗan abokin babansa ya mutu. Uwarka ma in ta mutu sai ka kawo shaida. Lafiya dai?"

"In ka zo ka ji."

Bai ƙara ba. Irin wannan ba maganar waya ba ce.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su a bakin taga. Ba ya ganin mai tafiya a ƙasa sai masu jan kare, kowanne da 'yar leda a hannu yana kwashe kashin karensa. Kendra tana fita tana dawowa, tana waya, tana zaɓen hotuna. Ta ce ranar Asabar za a yi bikin tuna rayuwar Fumbani. Ya ce ya ji.

An yi taron a zauren da ke ƙarƙashin cocinsu. Akwai balan-balan, akwai kek, hotunan Fumbani suna wucewa a bango. Mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna ba da labarinsa ana dariya. Dale ya ba da na ranar da ya kai shi farautar barewa, Fumbani ya sa riguna bakwai har ya kasa ɗaga bindiga. An ajiye Wyson a gaba, kusa da wani teburi mai furanni da hular aikin Fumbani da wani ɗan tulu shuɗi mai murfi. Kowa ya zo sai ya riƙe masa hannu ya ce yana baƙin ciki da rashin da ya yi, ya wuce wajen kek.

Penjani ya iso ana tsaka da haka, da ƙanƙara a kafaɗarsa. Ya durƙusa har ƙasa, ya tafa hannu a hankali, suka gaisa doguwar gaisuwa, mutane na satar kallonsu.

"Adada, kun rame. Cuku suke ba ku, ko? Na taho da garin masara a mota, yau za ku ci tuwo ko gidan zai kama da wuta."

Yana miƙewa idonsa ya sauka a kan teburin. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dubi tulun, ya dubi tsohon.

"Adada, me kuka ce wa matar nan?"

"Ban ce mata komai ba. Kai nake jira."

"Ta tambaye ku wani abu?"

"Ta yi wata magana ta zafin rai. Na ce na ji."

Penjani ya sake durƙusawa. Ya faɗa masa da Tumbuka, ƙasa-ƙasa, abin da ke cikin tulun: tokar Fumbani ce, an riga an ƙona shi.

Wyson ya juya ya dubi tulun. Tun safe gwiwarsa ke gogar ƙafar teburin nan. Ya ɗauka tulun na furanni ne.

A ɗakin girkin cocin suka zauna su uku, tsakanin tukwanen kofi. Wyson ya fuskanci Penjani, ya yi magana da Tumbuka, Penjani ya mayar wa Kendra: uban yana cewa ya zo ne ya kai ɗansa gida, an nuna wurin kabari, uwarsa tana jira.

Kendra ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Amma na tambaye shi. Sau biyu na tambaye shi. Na ce ya faɗa min gaskiya."

"Ya ce ya ji," in ji Penjani. "Bai ce ya yarda ba."

"Ya ce ba komai!"

"Wato kada ki dami kanki yanzu, za a zauna."

"To me ya hana shi cewa a'a? Kalma ɗaya ce."

"Ba a ce wa mai takaba a'a, Kendra. Kuma ke surukarsa ce. Wannan zaman ma da kike gabansa, daurewa yake yi."

"Ta yaya zan sani? Fumbani bai taɓa faɗa min ba. Ni in mutum ya ce min ba komai, ba komai ne." Ta juya ga Wyson, ta dube shi ido cikin ido. "Da ka ce a'a, da na haƙura. Na rantse da na haƙura. Da na bi ka har can."

Wyson ya yarda da ita, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Ta daɗe tana kuka a bakin famfo. Daga zauren ana jin Dale yana gwada makirufo. Da ta dawo ta zauna, ta ce ana raba toka, mutane da yawa suna yin haka, za ta sa a raba biyu. Duka dai ba za ta iya bayarwa ba.

Penjani bai fassara ba. Wyson ya riga ya ji.

"A raba shi," ya ce da Tumbuka, "kamar buhun masara a shekarar yunwa."

"Me ya ce?" in ji Kendra.

"Yana tunani," in ji Penjani.

 Wyson ya ɗago, ya dubi surukarsa, ya yi magana da Turanci, kalma-kalma, kamar mai karanta sanarwa a gaban ɗalibai. Ya ce e, ya yarda a raba, zai karɓi rabin.

Ranar Litinin aka kawo masa nasa cikin wani baƙin akwatin roba, girmansa bai wuce ƙamus ba. Ya ajiye shi a kan gado, ya rufe ƙofa. Penjani ya roƙi ƙarin kwana a wurin aiki an hana shi, ya koma tun jiya. A Iowa hantsi ne, a Rumphi rana ta kusa faɗuwa. Wyson ya kira ƙanensa Lameck.

"Kana kusa da mutane?"

"Ina bayan rumbu. Sun fara haƙa, yaya. Yaushe jirgin?"

"Matsa gaba. Ka yi nisa da mata."

Ya ji takun ƙafa, ya ji waƙar mata tana ja baya. Ya faɗa masa abin da ya faru a taƙaice, bai ɗora wa kowa laifi ba. Lameck ya rage murya.

"Me zan ce wa uwarsa?"

"Ba za ka ce mata komai ba. Gobe ka tafi Lilongwe, inda jirgina zai sauka, kai kaɗai. Ka sayi akwatin gawa, babba, a wurin kafintan da bai san mu ba. Ka sami yashi, ka ɗura a buhuna, ka naɗe da bargo don kada ya yi motsi. In na sauka zan sa abin da na kawo a ciki, a buga ƙusa. Za mu ce a can aka rufe shi, an hana buɗewa."

"Yaya, fasto fa? A gaban Allah za mu..."

"Ɗana yana ciki. Ba a kan yashi zai yi addu'a ba."

Lameck ya ja hanci. Can ya ce, "Samari shida ne za su ɗauka. Hannunsu ya san nauyin mutum. Buhu nawa zan sa?"

Wyson ya dubi akwatin robar da ke kan gado.

"Ka sa daidai nauyinka," ya ce. "Ka ɗan ƙara. Ya yi jiki a nan."