Gwadabe Ya Sha Gwate a Talabijin

Shekara goma sha ɗaya da auren Gwadabe da Kubra, amma surukarsa Inna Madina ba ta taɓa ganin ko ruwa ya wuce ta maƙogwaronsa ba. Da wannan yake tinƙaho. In tsohuwar ta zo gidansu da ke unguwar Congo-Russia a Jos, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, ido a ƙasa, ya shige ɗaki. In an ce ga abinci, ya ce a ƙoshe yake. Mutumin da ke tashi da malmala huɗu shi kaɗai, wai a ƙoshe!

To, a wannan zuwan sai Inna ta ce tana son ganin bidiyon bikin jikarta, wanda aka yi a unguwar Rayfield lokacin ita Inna tana kwance ba lafiya. Bidiyon yana cikin kwamfutar Gwadabe, talabijin kuma yana falo inda Inna ta baje. A ce ya zauna gefen suruka yana latse-latse? Allah ya kiyaye. Sai ya kirawo maƙwabcinsa Dung mai gyaran waya, ya zo ya soka wani ɗan abu kamar yatsa a bayan talabijin.

"Oga, daga ɗaki kawai za ka danna," in ji Dung. "Komai da ke kan kwamfuta zai fito a nan, ba igiya ba komai."

Gwadabe ya gyaɗa kai kamar ya gane.

Bayan azahar ya shiga ɗaki, ya turo ƙofa, ya danna. Kiɗan biki ya tashi a falo. Madalla! Can sai ga Kubra ta miƙo masa kwanon gwaten acha da Inna ta dafa da hannunta, gwaten ya sha yakuwa da gauta. Gwadabe ya cire hula, ya tuɓe riga, ya rage daga shi sai singileti. Garin jawo kwano gwiwar hannunsa ta taɓa kwamfutar, bidiyo ya rufe. Abin da ke buɗe a ƙarƙashinsa kuwa kyamara ce, don da ita yake duba zaman hularsa kowace safiya.

Bai lura ba, wa zai lura ga gwate yana tururi? Ya fara da cokali, ya ga cokali ɓata lokaci ne, ya kafa kai. Ya sha, ya yi gumi, ya suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kwano ya bi gefensa da harshe. Sai da ya sauke ne ya ji gidan ya yi tsit.

Kubra ta faɗo ɗakin hannu a ka. "Baban Sumayya, kana talabijin!"

Ya dubi kwamfuta. Ga shi nan, singileti a jiƙe, ganyen yakuwa a gemu. Innalillahi! Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutuncin da ya tara da yunwa ya tafi a kwano ɗaya. Ya kai hannu zai kashe, sai muryar Inna ta taso daga falo.

"Kubra, kada a canja mini tashar nan."

Hannunsa ya tsaya cak.

"Ni ban san wannan bawan Allah na cikin akwatin ba," in ji tsohuwar, da ƙarfi yadda za a ji ta bango. "Amma ya iya cin abinci. Tun da na aurar da ke nake dafawa ana wucewa da shi bayan ƙofa, ban san ko ci ake ko kaji ake zuba wa ba." Sai ta ƙara da cewa, "Akwai saura a tukunya. A ƙara wa mutumin."

Kubra ta fita tana toshe baki, ta dawo da kwano cike fal. Cikin Gwadabe ya riga ya yi taf, kunya kuma kamar ta kashe shi, ga kuma tausayin tsohuwar. Ya mayar da hularsa, ya gyara zama a gaban kyamara, ya yi bismilla.

"Wani ya gaya masa ya sha a hankali," in ji Inna. "Kada ya ƙware."